Shafin Ƙarshe a Kayen Mairamu

Arlit, Lahadi 7 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga yayana Inuwa, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Baraka da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Matata 'Yargata tana gaishe ku. Ni kuwa tumbin da ka sha yi wa dariya ya tafi, ba tare da likita ya sa baki ba.

Labarin gari ba daɗi. Kamfani ya ce kuɗin uraniyom ya faɗi a ƙasar Turai, da ya tashi faɗuwa kuma a kaina ya faɗo. Shekara goma sha tara ina tuƙa musu kamyo, babbar motar kaya, suka sallame ni da takarda mai hatimi uku, gidan ma an ce mu fita bayan salla. Ruwa bai yi ba. Makiyayan Gougaram suna kawo awakin da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Hanya kuwa, tun da tawayen nan ya yi zafi, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja.

Yaya, wannan ce takardata ta uku a kan maganar 'yata Mairamu, biyun farko ko tari ban ji ba. Bari in maimaita, ko iska ce ta karanta su. Yarinyar nan bana za ta yi jarrabawar bak ta gama lise, wato sakandare, kuma cikin abin da za a tambaye ta har da Sifaniyanci. Kada ka tambaye ni me ya kai 'yar direba ga harshen nan, ita ta zaɓa. Malaminsu, Mushe Kalilu, an tare motar da yake ciki a hanyar Agadas, aka bar su da rai da wando. Bawan Allah ya wuce garinsu bai ko dawo ɗaukar katifarsa ba, ni ban ga laifinsa ba. Na je wurin daraktan lisen har sau huɗu, ya ce ba malamin da zai yarda ya hau hanyar nan kafin baɗi, mai ɗan'uwa a kudu ya tura ɗansa, kuma ƙarshen watan nan ake rufe sunayen masu jarrabawa. Abin da nake roƙo bai canza ba: tabarma a ɗakin 'ya'yanka, da bakinka a lisen da ka yi shekara ashirin kana aiki a ofishinsa.

Ka san inda darasi ya tsaya? A kan aure. Ranar ƙarshe Mushe Kalilu ya rubuta musu yadda ake juya kalmar yin aure idan ana ba da labarin abin da aka saba yi a da. Layi shida ne, daga nan kaye, wato littafin rubutunta, fari fat. Wata uku ke nan gidana yana kan layi shidan nan. Kullum bayan la'asar sai ta miƙo mini kayen ta ce in duba mata, ni da aka kora daga lakwal a aji huɗu saboda na ɗaure wa malam keke a bishiya. In sa tabarau, in ɗora yatsa, ita kuma ta fara: me casaba, te casabas, se casaba, nos casábamos, har ƙasa. 'Yargata yanzu da shi take daka. Maƙwabciyarmu Mariyama ta leƙo ta katanga ta tambaya ko sabon wuridi muka karɓo, a ba ta ita ma. Na ce mata aure ne muke ɗaurawa kowace yamma, mutum shida, ba goro ba alawa. Da Mairamu ta bayyana mini cewa siga ce ta abin da ake yi a da, na ce ashe duk Arlit Sifaniyawa ne ba mu sani ba, don ba wanda ke buɗe baki yanzu sai da "a da".

Ranar Talata ta yi tuntuɓe a layi na biyar, sai na ji bakina ya ce os casabais, alhali kayen yana rufe a cinyata. Na yi ta fankama, na ce a kira ni Mushe Nomau. Ta yi dariya har da riƙe ciki, can sai na ga dariyar ta koma wani abu. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Baba, kai ka ƙaru. Ni fa tun watan Nuwamba ina nan inda nake." Yaya, ranar da aka miƙo mini takardar sallama ban ji abin da na ji a lokacin ba. Na shiga ɗaki na ce ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Na zauna na yi tunanin shirunka. Wataƙila takardun suna cikin buhun da ya ɓace a hanya. Wataƙila kuma kana tuna bikin ƙanwarmu Tani, da na zo da sabon babur da agogo mai sarƙa, na ce a gaban mutane duk karatunka bai kai tayar baya ba. Na faɗa, ban musa ba. Babur ɗin na sayar bara, mun ci gero da shi, karatunka kuwa ga shi yau ina durƙusa masa. In fushi ne, nawa ne, ka ajiye mini shi har in zo, ka zage ni a gaban Baraka, zan riƙe maka buta. Mairamu ba a ma haife ta ba lokacin.

Gobe Litinin ayari zai tashi, wani kuma ba wanda ya san rana. Na gaji da ba direbobi takarda, don na san halinmu. Saboda haka wannan karon na nemi ɗan aiken da ba zai mance ta a aljihu ba. Na haɗa shi da wani tsohon abokin aikina da matarsa, za su kawo shi har ƙofar gidanka. Ɗaga kanka ka dubi wadda ta miƙo maka takardar nan. Doguwar nan mai hancin Inna, ita ce. Takardar haihuwarta da ta makaranta suna cikin kayen, bayan shafin aure. In ka ga ba hali, sai ka gaya mata da bakinka, ni nawa ya kasa.

Ka gaida Baraka, ka ce mata yarinyar ta iya tuwo, miya ce dai sai addu'a. Ka gaida Tani da mijinta, da Garba, da su Saratu. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya kwantar da ƙasar nan, ya ba mu damina.

In ta sami malami, ta aiko mini da shafi na gaba. Ni ma na gaji da auren nan.

Ƙanenka marar jin magana,
Nomau