Akwatinki Ne Ya Cika, Usaina

Lafiya, Talata 14 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga sanyin idona, inuwar mangwarona a tsakar rana, farar zuciya kamar gishirin Keana, Usainata mai saurin fushi!

Bayan gaisuwa da fatan Zariya ta barki lafiya, ki bar ni in huce, don wallahi cike nake. Ni, Hizbullahi, ni ne ba na son ki yi karatu a waje? Ni ne na danne takardunki don wa'adin Juma'a ya wuce? Haka kika ce a waya, kika kashe, kika daina ɗauka!

Kin manta ranar da muka raka innarki Agyaragu, ruwa ya tare mu a rumfar mai lemo, kika ce burinki ki zama likitar ido? Wa ya fara cewa amin? Wa ya ce ko shekara goma ce zai jira?

To saurari abin da na sha. Ranar Alhamis Babanki ya ba ni takardun da hannunsa, ya ce amana. Na kai aka yi sikanin, wato aka ɗauki hotonsu cikin kwamfuta, na dawo ofis, na maƙala su a imel zuwa gare ki, na danna aikawa. Saƙon ya shige akwatin fita ya kwanta kamar motar doya a laka. Layin waya ya yi ta kuka, ya kai rabi, ya tsinke. Na sake, ya tsinke. A na uku aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta, wasiƙun ofis guda tara sun yi layi a bayan naki, ko ɗaya ba ta fita ba, shugabanmu yana leƙo ni ta taga!

Madam Ngodoo, sakatariyarmu, ta zo ta duba. Ta ce, "Oga Hizbu, wannan fayil ya yi nauyi, layin ba zai ɗauka shi ba." Muka goge wanda ya maƙale, muka rage girman hotunan har sau biyu. Saƙo ya tafi! Na yi hamdala. Da na buɗe akwatin waɗanda aka aika, sai ga shi tsirara, babu takarda ko ɗaya: abin tsaron bairos, cutar kwamfuta, ya cire su. Muka kashe shi, muka rufe kwamfuta, muka kunna, layin ya ƙi kamawa har Juma'a ta wuce. Haba! Wace irin jarrabawa ce wannan, ya tauraruwata, ina ta fama da inji, ke kuma kina can kina yanke mini hukunci?

Jiya Litinin komai ya fita lafiya lau. Minti biyar, sai ga shi ya dawo da dogon Turanci. Madam ta sa tabarau ta karanta, ta fashe da dariya. "Ba laifinmu ba ne. Akwatin yarinyarka ya cika, babu wuri."

Akwatinki, Usaina! Naki! Nan take na san abin da ya cika shi. Ke da kanki kika taɓa gaya mini ba ki goge wasiƙata ko ɗaya ba tun ta farko, har da hotunan da nake turo miki duk Juma'a. Ashe ni na tare wa kaina hanya. Na rasa ko in yi ihu ko in yi kuka.

Ga faifan fulofi na kwamfuta guda biyu cikin ambulan ɗin nan, duk takardun na ciki, na ba direban motar Zariya. Ki tura su makarantar da kike nema gobe da safe, ko za su karɓa duk da wa'adin ya wuce. Sannan don Allah, zumar raina, ki share wasiƙun nan, don amsarsu ta sami wurin sauka. Kada ki ji ciwo. Mai rubuta su yana nan da ransa, kuma bai gaji ba.

Ki ɗauki wayata. Har yanzu ina jin haushinki, kuma ina so ki ji shi da kunnenki.

Naki yau, naki ranar da jirgi zai ɗaga da ke, naki ranar da zai dawo mini da ke,

Hizbullahi