Inna, Mai Sunan Yaya Ya Haye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda. Na kuma san ko kina raye ba karanta ta za ki yi ba, sai dai ki miƙa wa Yaya Binta ki ce ta faɗa miki abin da ke ciki a taƙaice. Amma dole ne in faɗi maganar nan. Masu karatu su yi haƙuri, yau ƙorafi na kawo wa uwata.

Inna, kin ninke ni baibai, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Tun farko ba ki so aikin nan ba, na sani. Sunan yayanki Sulaimanu aka sa mini, wanda ruwan Kwara ya ci a Yawuri kina yarinya. Yana cin kasuwa a ƙetaren kogi aka aika masa cewa jikin mahaifinku ya yi tsanani. Ya faɗa kwalekwalen da ya riga ya cika, iska na tasowa, bai iso ba. Shi ya sa tunda aka haife ni ba ki taɓa faɗin sunana ba, sai dai Mai Sunan Yaya. Daga nan kuma kika samo dokarki da muka ji har muka gaji: "Wanda ke kan ruwa ba a ba shi labarin da zai sa shi gaggawa."

To sai ga Mai Sunan Yaya ya girma a unguwar Edmonton ta Landan, ya gama karatu, ya ce shi sojan ruwa zai shiga. Ke da in bas ya hau gadar kogin Landan kike rufe ido kina salati. Har yau ina jin abin da kika ce: "Duk aikin da ke kan tudu a ƙasar nan bai ishe ka ba, sai ruwa?" Kika yi fushi, kika huce, kika sa albarka. Ranar da na zama hafsa, ke kika fi kowa ɗaga kai a wurin taron.

Da aka ce jirginmu na yaƙi zai yi doguwar tafiya ta wata bakwai, sai na liƙa lambar ofishinmu a jikin firij, na zaunar da ke da Yaya Binta na yi muku bayani dalla-dalla. Na ce in wani abu ya faru, ku buga wannan lambar kawai. Za a sanar da kyaftin, a sa ni a jirgi mai saukar ungulu zuwa ƙasa mafi kusa, daga nan in hau jirgin sama in zo gida. Kika tambaya ko a kan tekun wannan jirgin zai ɗauke ni. Na ce ƙwarai kuwa, har ina alfahari. Kika gyaɗa kai kawai. Da na san me gyaɗa kan nan ke nufi!

Kika cika mini jaka da yaji da kilishi da kuka, kika cusa daddawa a cikin safa ba tare da kin gaya mini ba. A bakin ƙofa kika dafa kaina kika ce, "In ka haye ka sanar da ni."

Bari in fara da daddawar nan, don ita ma ban manta ba. Muna shiga ƙasashen zafi ta fara aikinta. Abokin ɗakina, wani hafsa ɗan Sikotlan, ya rantse ɓera ya mutu a cikin bututun iska. Aka kira masu gyara, aka kwance ƙarafa, aka haska fitila ko'ina. A jirgin yaƙi ba a wasa da wari, domin yana iya zama waya ce ke ƙonewa. Ƙarshe dai aka zo kan safata. Ina tsaye cikin kaki da igiya a kafaɗa ina yi wa manya bayanin cewa wannan kayan miya ne. Kunyar da na sha ranar, Allah kaɗai Ya sani. Yajin kuwa ya yi farin jini, kafin wata biyu Turawa sun cinye shi a kan dankali suna hawaye.

Duk wannan na ba ki labari a saƙon murya. Ke kika ce kada in riƙa bugo miki wayar jirgi, wai magana na zuwa a makare kamar ana hira da kurma. Muka yi yarjejeniya, ni in aiko duk lokacin da aka buɗe mana layi, ke kuma ki aiko duk Juma'a ta wayar Yaya Binta.

Na gaya miki yadda teku ya jijjiga mu kafin mu kai Sifen, har na yi kwana da kwanaki ina amai, ni da nake cika baki. Kika yi dariya kika ce ai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Na gaya miki wahalar alƙibla, yadda zan duba kamfas in tayar da salla, kafin in kai raka'a ta biyu jirgi ya juya. Kika ce in yi niyya in ci gaba, Allah Ya san inda na dosa. A lokacin kina amsa mini magana.

Daga baya saƙonninki suka canza, ni kuma ban lura ba. Na ba ki labarin mashigin Suwez, yadda ƙaton jirgi ke tafiya a hankali, yashi dama yashi hagu, kamar motar da ke ratsa daji a hanyar Sakkwato. Amsarki addu'a ce. Na ce miki mun wuce daura da Jidda, na tsaya a saman jirgi na fuskanci gabas na yi miki addu'a duk da ban hango komai ba sai ruwa. Amsarki addu'a ce. Muna cikin Bahar Maliya, zafi kamar a bakin murhu, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa, sai ga saƙonki wai in riƙa sa rigar sanyi, in rufe ƙirjina. Na yi dariya har na kunna wa abokin ɗakina na fassara masa.

Da muka tsaya a birnin Maskat na shiga kasuwa na saya miki turaren wuta mai kyau. Na tambaye ki sau uku wane launin mayafi kike so. Kika ce Allah Ya tsare gabana da bayana. Na ce a raina, hali zanen dutse, Inna dama tun ina yaro ba ta amsa tambaya sai wadda ta ga dama. Na sayi ruwan toka.

Sau biyu na karya yarjejeniya na bugo. Yaya Binta ta ce kina barci. Na biyun ta ce ba a so a tashe ki.

Na yi azumi a tsakiyar teku, ina tsaron awa huɗu a ɗakin tuƙi, ina shan ruwa da dabino uku da shayin leda. Ranar Salla babu idi, babu tuwo, babu kowa, sai ni da wani ɗan Gana mai aikin inji muka yi wa juna barka muka koma bakin aiki. Da yamma saƙonki ya shigo. Kika ce, "Barka da Salla, Mai Sunan Yaya, Allah Ya maimaita mana." Na saurare shi ya fi a ƙirga.

Inna, barka da Sallar da ba ki gani ba kika yi mini. Ko watan azumin ba ki gani ba.

Ranar da muka dawo, bakin tashar ya cika da iyalai, ana ta ɗaga alluna da tutoci. Na hango Yaya Binta da Kawu Isa, ƙanenki, ban hango ki ba. Na ce ruwa ne, ba za ki zo kusa da shi ba. Kawu ya kama hannuna ya kai ni mota, ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa na sha, sannan ya fara da cewa dukkan mai rai mamaci ne. Kafin ya kai ƙarshe na gane. Wata huɗu kenan da aka kai ki makwancinki.

Daga baya na ji sauran. Jirginmu bai daɗe da tashi ba likita ya gaya miki kina da ciwon hanta, kuma ya riga ya ci ƙarfinki. A ranar kika ɓare lambar daga jikin firij. Kika sa Yaya Binta ta dafa Alƙur'ani cewa ba za ta kira ba. Sannan kika zauna a kujerarki ta bakin taga, kwana bayan kwana, kina ɗaukar saƙon Juma'o'in da kika san ba za ki gani ba. In muryarki ta yi rauni sai ki sa a goge a sake. Ba ki san inda jirgin zai kasance ba, shi ya sa kika haɗa da rigar sanyi ko da za a yi dace.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, Hausawan Landan. Mutanen da in mace ta yi ɓari a Croydon da safe, kafin azahar an ji a Tottenham, can ɗaya gefen gari. Su ne suka riƙe wannan magana wata huɗu cur! Har sabon zauren dangi aka buɗe a waya ba da ni ba, aka bar mini tsohon ana turo mini barka da Juma'a. Da kin samu aikin soja, Inna, da tuni kin wuce kyaftin ɗinmu.

Haba Inna! Wannan ba kwalekwalen Yawuri ba ne. Mutanen da aka ɗauka daga jirginmu a wannan tafiyar saboda rashin lafiyar iyayensu, ni da kaina na tsaya na ga tashinsu, kuma duk sun isa lafiya. Da na zo na riƙe hannunki. Da na nemi gafararki baki da baki, na ji kin ce kin yafe. Da na tsaya a sahun gaba, na ɗauki makararki, na shiga kabarin na karɓe ki. Ɗa namiji ɗaya gare ki, kika bar maƙwabta suka yi mini aikina ina can ina cinikin mayafi. Wannan abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Da yake ba ni da yadda zan yi da ke, sai na sauke a kan Yaya Binta. Tun daga motar nan ban sake yi mata magana ba. Ta buga waya, na ƙi ɗauka. Ta aiko da abinci har gidana, na ba maƙwabci. Kawu ya yi nasiha, na yi kunnen uwar shegu. A ganina ke tsoro ne ya sa ki, ita kuwa ta yi boko, ta san yadda abin yake, ta san lambar ko ba a jikin firij.

Juma'ar da ta wuce mijinta Malam Yakubu ya tare ni a ƙofar masallaci a Tottenham. Kin san shi, ba mai yawan magana ba ne. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, "Kai sau ɗaya aka yi maka mutuwar. Binta duk Juma'a ake yi mata." Ya sa takalminsa ya tafi.

Na hau bas na wuce inda zan sauka ban sani ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba. Ita ta yi jinyar, ita ta yi miki wanka. Sannan duk mako ta buɗe waya ta saurari muryarki don ta zaɓi wanda ya dace, ta turo mini. Ta kuma zauna ta saurari nawa, ina ta surutu a kan dankali da zafi da launin mayafi, ina cewa a gaida Inna. Da ta ce mini kina barci, ashe iyakar abin da bakinta zai iya faɗa kenan ba tare da ta karya rantsuwa ba. Wannan kayan ke kika ɗora mata, Inna, kuma ya yi nauyi. Ni kuma na dawo na ƙara mata wani a kai.

Ban ce na daina jin haushinki ba. Har gobe ina ganin da kin bari an kira. Amma na gane ke ba likita kike gani ba, ba jirgi mai saukar ungulu kike gani ba. Yarinya ce ke a bakin Kwara, an aika wa Sulaimanu, ana jira. Kin rantse ba za a sake aika wa wani Sulaimanun ba, ko da kuwa za ki mutu ba ki gan shi ba. Kika zaɓa, kika biya da abin da ya fi komai tsada a wurinki.

Gobe in Allah Ya kai mu zan hau jirgin ƙasa na Overground zuwa Edmonton. Turaren Maskat da mayafin ruwan toka suna nan a jaka ban kwance ba, Yaya Binta zan kai wa. Babbar ya uwa ce, ke kika koya mana. Zan durƙusa in ba ta haƙuri. In ta kore ni, ta yi daidai, zan koma jibi. Kin ci nasara kamar kullum, ko a kabari sai abin da kika tsara.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya haɗa ki da yayanki a inda babu kogin da zai raba ku. Allah Ya saka wa Yaya Binta da Aljanna, Ya sanyaya zuciyarta a kaina. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini.

Saura saƙo ɗaya da kika ce in kawo, wanda ban samu wanda zan ba ba a bakin tashar. Inna, na haye. Ƙafata biyu a kan tudu, ko jiƙewa ban yi ba.

Ɗanki mai taurin kai irin naki,
Mai Sunan Yaya
Landan