Mai Fensir a Kunne

Zuwa ga Malamar Adabi ta aji biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yaranki. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koye shi a ajin yamma na manya.

Ni tsohon kafinta ne, kakan yarinyar nan mai zama kusa da taga, wadda muke kira Takwara don ta ci sunan marigayiya matata. Jiya ta dawo ta jefar da jaka, ta ƙi cin abinci. Da ƙyar na ji dalili. Wai kin karanta musu tsohuwar waƙar nan ta mai jiran kwalekwale a bakin kogi, kin ce kowa ya zana baitin da ya fi so. An manna zanen kowa a bango ban da nata, domin baitinta ba ya cikin littafi. Yara har suna ce mata maƙaryaciya. Ta rantse ba za ta ƙara shiga ajinki ba.

Malama, ba ƙarya ta yi ba. A bakina ta ji shi, ni kuma a bakin kakarta, wadda ta yi makaranta tun tana yarinya. Tana guga tana rerawa, ni ina ƙofar shago da zarto ina saurare:

Ga wani can da fensir a kunne,
Ya iya layi, bai iya baƙi ba.
Ko da masoyi ya yo wasiƙa,
Ba zai karanta da kansa ba.

Littafinku ne ya yi tsallake. Don Allah ki duba.

Ki huta lafiya,
Kakan Takwara.

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ka da girmamawa. Na duba duk bugun waƙar da ke ɗakin karatu, na kuma tambayi malamin da ya koyar da ni. Babu baitin ko'ina.

Duk da haka na yi gaggawa da na ajiye zanen. Yau na riƙo hannun Takwara daga bakin ƙofa, na ɗaga zanen gaban aji, na rubuta baitin a allo, na ce a tattauna. Wani yaro ya ce, "Malama, waƙa duk ruwa da kwalekwale, ina fensir ya faɗo?" Wani ya ce, "Zamanin mawaƙin ma akwai fensir?" Sai wata mai shiru-shiru ta ce, "Sauran waƙar kuka ne. Wannan kuwa tsokana ce, irin wadda ake yi wa wanda ake so." Takwara ta ce kai ta zana, don kai kaɗai ta sani mai yawo da fensir a kunne.

Baba, kada ka ga rashin kunyata. Lokacin da Mama take rera wannan baiti, ka iya karatu?

Taka cikin ladabi,
Malamar Adabi.

'Yata Malama,

Gaisuwa a tsaye, don na kasa zama! Na yi dariya har mai walda na kusa da ni ya leƙo yana cewa, "Tsoho, lafiya, ko guduma ce ta sami yatsa?"

Ban iya ba, 'yata. Ko sunana ban iya ba. Na tuna ranar da na ajiye zarto na ce mata, "Ke, wannan mawaƙin ya san ni ne?" Ko kai ba ta ɗaga daga guga ba, ta ce, "Ai mutanen zamanin da sun san kowa." Kunya ta kama ni, a ce har mutumin da ya daɗe a ƙasa yana yi mini dariya. A makon na shiga ajin yamma. Na zauna a bencin yara, wanda ni na haɗa shi da hannuna, gwiwoyina suna dukan tebur. Kullum sai na tarar ta goge mini riga. Wasiƙar farko da na karanta da kaina ita ta rubuto, muna gida ɗaya: "Ka sayo gawayin guga."

Ashe ita ce ta ƙirƙiro baitin! Ta shirya mini tarko, ta tafi ba ta faɗa ba. Ina zaton na gama jin maganarta a duniya, sai ga yaranki sun kawo mini sabuwa.

Ki gaya musu jikata ba ta yi ƙarya ba, kakanta ne aka yi wa wayo. Zanen kuma ki auno mini shi, zan yi masa firam.

Allah ya yi miki albarka,
Tsohon kafinta.

Kaka,

Ina kwana. Na bar wannan a kan teburin aikinka don na makara. An kafa zanena a tsakiyar bango, baitin yana ƙasa, da sunan takwarata. Malama ta ce ka zo gobe ka rera mana. Ka zo da fensirin. Amma kar ka yi irin na jiya, kana share ido kana cewa ƙurar katako ce.

Ba sai na kira maka mai walda ba, ka karanta da kanka.

Jikarka,
Takwara.