Taliya da Kabeji Don Inna

Daren Laraba, Illela.

Yau ma Inna ta ƙi tuwo. Tunda ciwon mantuwar nan ya kama ta sai ramewa take yi. Da la'asar na soya kabejin da Yaya Sani ya kawo daga Konni, na sa albasa da tattasai, na zuba taliya, yadda ta koya mini ina yarinya.

Ta cinye tas. Har na fara murna, sai ta riƙo hannuna ta ce, "Allah shi yi miki albarka, baiwar Allah. Ɗiyata Saratu ma haka take dafa ta. Mi ya hana ta zowa gaishe ni?"

Na kasa ce mata ni ce Saratun. Na ce, "Tana nan tahe, Inna." Na ɗauki kwanon na fita kafin ta ga hawayena.