Alhusseini, Na Ƙera Itacen Lemunka

Zuwa ga aminina Alhusseini, mai garka a Timiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don babu direban da ke bin hanyar inda kake. Ko da kana da rai ma sai ka nemi mai karanta maka, yana yi kana katse shi da gardama. Amma labarin da ke bakina ya fi ƙarfin in haɗiye shi, kuma duk duniya babu wanda nake so ya ji shi kamar kai.

Na gama itacen! Wallahi na gama shi, Alhusseini. Ga shi nan tsaye a tsakar maƙerata, ya kawo mini ƙirji, da gindinsa da rassansa da ganyensa da ƴaƴansa, duka na jan ƙarfe.

Ka tuna mafarin maganar? Duk lokacin sanyi in ka sauko Agadas da buhunan lemu, wurina kake sauka. Ka shimfiɗa bargonka kusa da wuta, ka ɗora butar shayi bisa gawayina ba tare da ka tambaya ba, sannan ka shiga yi mini tsiya. Wai shekara da shekaru ina ƙera ƴan raƙuma da sarƙoƙi iri ɗaya don turis masu yawon buɗe ido su saya su jefa cikin jaka. Wai Allah Ya ba ni hannu na mai da shi inji. Ka ce in dai ni maƙeri ne ɗan maƙeri, in ƙera maka itacen lemun nan na bakin rijiya, wanda mahaifinka ya dasa, mai karkataccen gindi kamar tsoho a ruku'u. Ni kuwa in ce maka mai garka ya tsaya ga takinsa.

Sai ciwon ƙirjin nan ya ɗauke ka. Daminar da ta biyo baya kuma ruwa ya sauko daga duwatsu, ƙorama ta cika ta ci gefen garkarka. Ban so in gaya maka ba, amma ba a ɓoye wa amini magana: ta tafi da itacen. Da na hau Timiya yin jaje, matarka Gaisha ta kai ni wurin. Rami ne kawai da yashi da guntun saiwa. Ita ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Tun cikin motar dawowa na fara auna rassansa a zuciyata.

Turis dai ka san sun ɗauke ƙafa tun kana nan. Maƙera da yawa sun kashe wutarsu sun tafi haƙar zinariya. Ni ma ƙanin matata Hadiza ya samo mini gurbi can, har ya sa ranar tafiya. Na ce ya dakata, akwai aiki a wuyana. Hadiza ta dube ni ta tambaya aikin wa, tunda ba ta ga kowa ya shigo ba. Na ce na wani mutumin Timiya ne. Ta gane. Ba ta sake tambaya ba, sai dai ta ce in wannan ya ƙare tukunya ba ta canza ba, to in ɗaure kayana. Gaskiya ta faɗa, ita ce ke riƙe da gidan da ɗan cinikin gishirinta.

Jan ƙarfen garaj-garaj na bi na tsinto shi, bututun matattun manyan motocin kamyo da wayar injinan da suka ƙone. Bai isa ba. Ka san babban farantin nan na mahaifina da ke rataye a bango? Shi ma ya shiga wuta. Na san tsohon, da yana nan shi zai riƙe mini zuga-zugi.

Gindin ne ya fi ba ni wuya. Gaɓa-gaɓa na siffanta shi da kakin zuma, na lulluɓe da yumɓu, na gasa har kakin ya tsiyaye, sannan na zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Zubin farko yumɓun ya fashe, ƙarfe ya malalo, saura ƙiris ya ci mini ƙafa. Da na sake, ya fito lafiya, amma a miƙe sak kamar soja. Wannan ai ba itacenka ba ne. Na farfasa shi na koma, sai da ya sunkuya yadda na san shi. Ganyen kuwa ɗaya-ɗaya na buga su bisa uwar maƙera har suka yi fele-fele, na ja wa kowanne jijiyarsa. Lemun rabi-rabi na ƙwanƙwasa su suka yi ƙoƙo, na haɗa bakinsu, na bi bayansu da tsinin ƙusa don su yi ƙurajen nan na ɓawo. Na san abin da za ka ce, wai sun fi naka girma. To ka zo ka auna mana!

Yanzu ga inda na so in haukace. Ganyen na zuba su cikin kwando a ɗakin ajiya, ƙarƙashin kantunan gishirin Hadiza. Ashe rufin yana yoyo. Ruwan sama ya bi ta gishirin yana ɗiga kansu, ni ban sani ba ina can ina fama da rassa. Ranar da na jawo kwandon, duk sun yi kore shar. Kai ka san mu maƙera: tun ina yaro ake dukana in na bar wannan koren ya hau ƙarfe. Na zauna da toka da tsumma ina gogewa, ina tsine wa gishiri da raƙumin da ya ɗauko shi daga Bilma.

Ina cikin haka Gaisha ta yi sallama. Asibiti ta sauko a duba mata ido, ta biyo ta gaishe mu. Ta ɗauki ganye guda da ban kai ga gogewa ba, ta kai shi kusa da idonta mai lafiya, ta juya shi gaba da baya. Sai ta tambaye ni a garkar wa na taɓa ganin lemu mai jan ganye.

Alhusseini, tsumman faɗuwa ya yi daga hannuna! Ashe abin da nake kankarewa shi ne abin da aikin ya rasa. Waɗanda na goge ma na mai da su ƙarƙashin gishiri, kullum safe ina yayyafa musu ruwa. Ka ga ni ma na yi ban-ruwa a rayuwata. Da suka yi yadda nake so na shafe su da kaki don launin ya zauna. Lemun kaɗai na wanke da ruwan tsamiya, har suna ɗaukar ido.

Da ka ga ranar da na fito da shi hasken rana! Unguwa ta cika maƙerata. Liman ya tsaya ya daɗe yana tasbihi. Tsofaffin maƙeran da suka ce na zautu suka riƙa zagaya shi suna neman inda na haɗa gaɓoɓin. Iska ta ɗan taso, ganyen suka yi wata siririyar ƙara kamar awarwaron mata daga nesa. Amma duk yabon da aka yi mini babu kamar na akuyar maƙwabcina. Ta ratso mutane, ta kai baki ta ja ganye, ta ja, ta yi atishawa ta tafi cikin fushi. Na yi dariya har na zauna ƙasa, na waiwaya ina neman ka.

Maganar ba a nan ta tsaya ba. Ƴarka Mariyama, wadda ke karatu a Yamai, an aika mata hoton itacen a waya. Ta nuna wa wata madam mai gidan baje kayan hannu. Matar ta kira ni da kanta, wai tana son ta saya. Na ce mata wannan da mai shi. Na zaci za ta kashe waya. Sai ta ce to in ƙera mata dabino, in ƙera rumman, in ƙera inabi, duk abin da ke tsiro a garkunan duwatsun Ayar tana so, kuma ita za ta aiko da ƙarfen. Ka ji fa! Hadiza ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Maganar zinariya ta mutu. Har na aika wa biyu daga cikin maƙeran da suka tafi su dawo, hannu biyu ba za su iya wannan aikin ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don tsakaninmu ba a saba da irin wannan magana ba. Da sanyi ya fara shigowa nake kasa kunne ga motocin Timiya. Ina da ƴan'uwa ciki ɗaya, amma babu wanda na ji ɗokin zuwansa kamar kai. Kowa yana yaba ƴan raƙumana, kai kaɗai ka raina su, don kai kaɗai ka yarda na fi haka. Me ya hana ni in ce maka na gode? Me ya sa sai da ka tafi na ji maganarka?

Jibi za mu hau da shi Timiya. Hadiza ta ba da barguna a naɗe shi, ni kuma a bayan mota zan zauna in rungume shi, ka san duwatsun hanyar nan ba su da mutunci. Gaisha ta yi sabon dashe a bakin rijiyar, bai wuce gwiwa ba tukuna. Ta ce nawa ya tsaya kusa da shi har ranar da na gaskiyar ya yi ƴaƴan fari, daga nan in zo in kwashe ƙarfena in ba shi wuri. Na ce na ji. Allah Ya nuna mini ranar da za a kore ni.

Sai mun iso, aminina. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya saukar da kai a garkar da ƙorama ba ta ci.

Naka har gobe,
Illa maƙeri, Agadas