Gara Ta Kama Hanyar Kabad Ɗin Ganye

Zuwa ga Shugabar Gidan Adana Halittu da Kimiyya, Bauchi.

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki, ina neman afuwa bisa fito da wannan magana fili. Ba halina ba ne. Sau biyu na rubuto miki ta hannun mai gadi, ban sani ba ko takardun sun iso teburinki ko suna nan a bakin ƙofa. Ga shi damina ta kankama, abin da nake kuka a kansa kuwa ba zai jira a gama shawara ba.

Sunana Adamu, tsohon ma'aikacin gandun daji, ina zaune a Ƙofar Ran. Ba ki san ni ba, domin kin zo bayan shugabannin da na yi hulɗa da su. Ni ne na ba wa gidan nan kabad ɗin katakon maɗaci mai aljihu goma sha biyu, wanda ya daɗe a kusurwar ɗakin tsirrai. A cikinsa akwai ganye da fure da 'ya'yan itatuwa da na tara tsawon aikina. Nakan danne kowanne tsakanin tsofaffin jaridu a ƙarƙashin katako da dutse har ya bushe, sannan marigayiya matata ta ɗinke shi a kan kwali da zare da allura. A ƙasan kowane kwali na rubuta sunan itacen da Hausa da Fillanci, wani har da Jaranci ko Geranci, yadda dattawan wurin suka faɗa mini, da inda na tsinko shi. Akwai taura da ƙirya da tsada da na samo a Inkil tun wurin yana daji. Yau in ka je, gidaje ne a kan kututturansu. Dattawan da suka ba ni sunayen ma duk sun riga mu gidan gaskiya.

Kyauta na bayar, ban kuma yi nadama ba. Abu guda na roƙa a lokacin, aka amince mini da baki: a bar ni in riƙa zuwa duk Asabar ina duba shi. Haka na yi shekara da shekaru, har ƙafafuna suka fara gardama na koma hawa keken haya mai ƙafa uku.

Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Da kuka fara shirin Ranar Iyali a kowace Asabar, na yi murna. Da ma gidan ya yi shiru da yawa. Yanzu ana kawo yara su leƙa madubin ƙara girman abu, su taɓa ƙoƙon kan kada, su shuka wake a kofi su tafi da shi gida. Wannan abu ne mai kyau, Allah ya saka miki. Sai dai don a samu wurin jera kujeru, an fitar da kabad ɗin daga ɗakin tsirrai an kai shi sito na bayan gini, an kulle. Ba wanda ya tambaye ni. Ban ce dole a tambaye ni ba, kayan gidan ne yanzu. Amma da an tambaya, da na faɗi abu na biyu.

Na biyu, kuma shi ne ainihin maganar. Ƙafafun kabad ɗin nan huɗu, kowace tana zaune ne a cikin gwangwanin madara mai ɗauke da baƙin man mota. Na san ba su da kyan gani. Duk wanda ya gan su zai zaci shara ce wani malalaci ya bari. Ba shara ba ce, Ranki ya daɗe. Gara da tururuwa ba sa ƙetare baƙin mai, shi ya sa tun da aka ajiye kabad ɗin ko ƙwaro ɗaya bai hau shi ba. Haka kuma ba a jingina shi da bango, sai an bar tazarar taƙi guda, domin ta bango gara take bi, ta bango kuma laima take shiga. A kowane aljihu ana sa kafur a sabunta shi in ya narke. Aikin da nake yi duk Asabar ke nan, ba wani abu ba: in ƙara mai a gwangwani, in duba bayan kabad, in sauya kafur, in buɗe aljihun su sha iska. Ba ilimin boko mai zurfi ba ne, wani tsohon malamin daji ne ya koya mini ina saurayi. To, ranar da aka yi kwalliyar wurin, an kwashe gwangwanayen an zubar a juji. Ni da idona na gan su a can, biyu sun riga sun lotse.

Na uku. Da na ga haka sai na nemi a buɗe mini siton. Na zo ranar Talata, aka ce mabuɗin yana hannun Malama Rifkatu, jami'ar shirin iyali, ita kuma ranar Asabar take zuwa wannan reshe. Na dawo Asabar, sai Ɗanladi mai gadi ya tare ni, ya ce doka ce sabuwa, ranar Asabar babba ba ya shiga sai yana riƙe da yaro. Ɗanladin nan ya san ni kamar yunwar cikinsa, sau nawa ya kama hannuna na hau matakalar nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ba yin kaina ba ne. Ka aro jikan wani mana, ko na maƙwabta, minti biyu ka shige." Na ce masa, "Ɗanladi, da furfurar nan zan fara aron jika?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na fahimci dalilin dokar. An yi ta ne don kare 'ya'yan mutane, ban kuma ga laifin wannan ba. Sai dai ni ba ni da yaron da zan riƙo. Ɗana guda da ya rage yana Fatakwal da iyalinsa, sai da salla nake jin muryar jikokin. A gidanmu na Ƙofar Ran yara ba sa ƙirguwa, amma ba nawa ba ne, kuma ba zan ja ɗan wani a keke in ce wa mai gadi jikana ne ba. Ban yi ƙarya don in shiga ofis ina da ƙarfi ba, ba zan fara yanzu ba da kabari yake kusa.

Ka zo ranar aiki, babu mabuɗi. Ka zo ranar mabuɗi, babu shiga. Asabar biyar ke nan ina wannan zirga-zirga. Nakan zauna a kan dakalin da ke wajen ƙofa in huta kafin in nemi keken komawa, ina kallon iyaye suna shiga da 'ya'yansu da ledojin abinci. Wasu sukan gaishe ni. Wata baiwar Allah har ta miƙo mini sadaka, na yi godiya na ce ba bara nake ba. Ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ke nan.

Na huɗu. A Asabar ta uku Malama Rifkatu ta fito da kanta, ta durƙusa ta gaishe ni cikin ladabi. Ta ce, "Baba, kada ka damu, kayanka suna nan lafiya, ni da kaina na sa aka goge su da ruwa da sabulu, har na sa an matsa su jikin bango don kada a ture." Yarinyar kirki ce, alheri take nufi, kuma ina roƙon kada wannan takarda ta jawo mata faɗa, ko ita ko Ɗanladi. Amma kowace kalma da ta faɗa sai da ta soki zuciyata. Ruwa, da bango, ba gwangwani. Na fara yi mata bayani, sai aka kira ta ciki, yara sun fara rigima a kan wani abu. Ta ce tana zuwa. Ba ta samu dawowa ba, na kuwa san ba da gangan ba ne.

Na biyar. Talatar da ta wuce na lallaba da sandata na zagaya bayan ginin, na leƙa ta tagar siton. Idona ya yi rauni, amma abin da mutum ya yi shekara arba'in yana farauta ba ya ɓace masa. Na ga hanyar gara, siririn zanen jan ƙasa, ta taso daga gindin bango ta kusurwar gabas. Tsakaninta da bayan kabad ɗin bai fi kamu biyu ba. An yi ruwa sau biyu tun ranar. Wanda bai san gara ba zai ce ai da sauran lokaci. Gara ba ta cin abu daga waje. Takan shiga ta baya ta cinye ciki ta bar fuska lafiya lau, sai ranar da aka ja aljihu a tarar da ƙasa. Katakon maɗaci zai ɗan yi mata gardama, amma bayan kabad ɗin falanki ne, abin da ke ciki kuwa kwali ne da jarida da busasshen ganye, wato tuwonta da miyarta.

In waɗannan kwalaye suka tafi, ba ni da ƙafar sake tara su, itatuwan da yawa ba sa nan, masu sunayen ma ba sa nan. Yaran da kuke tarawa ran Asabar, jikokin mutanen da suka ba ni sunayen nan ne. Na so a ce wata rana a jawo musu aljihu guda su ga abin da ke tsaye a inda aka gina ɗakin kwanansu. Amma wannan shawara ce kawai, ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A janye kabad ɗin daga bango yau, ko da ba a jira ni ba, taƙi guda ya isa. A samo gwangwani huɗu, kowane bakanike zai ba da baƙin mai kyauta, a zaunar da ƙafafun a ciki. A kankare hanyar garar a zuba toka ko magani a gindin bangon. Sannan a ba ni izini a rubuce in shiga sau ɗaya, kowace rana kuka ga dama, tare da ma'aikaci guda da zai tsaya in nuna masa yadda ake yi. Rabin awa ya ishe mu. Ba na neman a mayar mini da Asabar ɗina. Na gaji, hawa keke ma yanzu sai na yi kwana biyu ina jin sa a ƙugu. So nake aikin ya koma hannun wani tun ina iya nunawa.

In kuwa kin sa an buɗe an tarar gara ta riga mu, ina roƙonki da girman Allah kada a ɓoye mini don tausayi, kada a ce mini ana dubawa. A aiko Ƙofar Ran a faɗa mini gaskiya. Zan yi innalillahi, in zauna a gida.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya taya ki riƙon amanar da ke hannunki, ya raya yaran da ke zuwa wurinki, ya sa mu gama lafiya.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Malam Adamu, tsohon ma'aikacin gandun daji,
Ƙofar Ran, Bauchi.