Ƙafar Abbu da Tanderunsa

Litinin, 2 ga Oktoba

Yau na gano inda warin nan yake fitowa. Ba ɓera ne ya mutu a bayan kabad ba, ƙafar babana Abbu ce.

Na kama shi yana wanke safa da kansa, mutumin da ko kofin shayi bai taɓa ɗaurayewa ba. Wai "ɗan ƙurji ne, Niggo," lakabin da yake kirana da shi. Ɗan ƙurji! Gefen ƙafar hagu ya saluɓe, yana ta tsatsar ruwa. Ƙuna ce. Ya jingina ƙafar da tudun giya na tsohuwar motar nan tasa tun daga bakin teku har gida, tana gasuwa, shi ko a jikinsa. Ciwon suga ya kashe masa jin ƙafafu.

Shi yana ce mata Gimbiya. Ni Tanderu nake ce mata. Ja, mai kujera biyu, 'yar Ingila, ta girme ni.

Laraba, 4 ga Oktoba

Dakta Farzana ba ta ɓoye ba: in wurin ya sake ƙonewa, an gama maganar bandeji, sai yanka. Shi kuwa tambayarsa ɗaya, wai zai iya taka kuloci ranar ashirin da biyu ga wata, ranar gasar tsofaffin motoci? Na rasa inda zan sa fuskata.

Asabar, 7 ga Oktoba

'Yan ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci sun zo dubiya, sun cinye mana samosa kaf. Kanar Iftikhar ne a gaba, alƙalin gasar, mai yawo da madubi a bakin sanda yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Shekara da shekaru Abbu ke cin kofin motar da ba a taɓa sauya mata komai ba, kuma wannan mutumin ke miƙa masa.

Na ce a yi wa motar maganin zafi. Kanar ya yi dariya har gashin bakinsa na rawa. "'Yata, ai zafin shi ne motar!" Wani ma har ya ɗage wando yana nuna tabon ƙunarsa, ana tafa masa. Tsofaffi da jikoki. Tir.

Abbu kuma ya kawo labarinsa na kullum, yadda yake ajiye paratha, gurasar nan mai mai, a gindin giya in zai bar gida, ya isa fili ya ci abarsa da zafi. Abin da ke gasa masa paratha shi ya gasa masa ƙafa, amma wa zai faɗa?

Talata, 10 ga Oktoba

"Ko ƙusa ɗaya kada a taɓa mini," in ji Abbu. Na ɓoye makullin motar. Ashe yana da wani a cikin gidan tabarau.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Abbu na sama, ƙafa a kan filo. Ustad Gulzar, bakaniken da ke duba motar tun ina 'yar firamare, ya zo sauya mai. Na rufe ƙofar gareji na gaya masa abin da likita ta ce. Ya buɗe motar, ya ɗaga kafet.

Wayyo hancina. Kashin ɓera, ruɓaɓɓen buhu, wata kwalbar magani ta zamanin mahaifiyata Ammi. Bangon da ya raba injin da ƙafar direba duk ramuka, robobin da suka toshe su sun zama gari. Bututun salansa a ƙarƙashin ƙafa yake bi, tazarar ba ta kai tafin hannu ba. Abin haushin ma, famfon hita mai ɗumama cikin mota a buɗe ya maƙale, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Hita a zafin garin nan na Karachi! Wannan ce Gimbiyar da ake goge wa jiki da auduga.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Mun toshe ramuka, mun rufe famfon, mun shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kafet. Duk wannan ba mai gani. Amma Ustad ya ce ba zai isa ba sai an ɗaura farantin alminiyam tsakanin salansa da ƙasan motar. "Baji," wato 'yar'uwa, "wannan kam madubin Kanar zai gan shi." Na ce ya gani mana, ƙafarsa za a yanke?

Ni na riƙe masa fitila ina kwance a ƙasa. Baƙin mai har cikin farce, sabulu ya ƙi fitar da shi.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ciwon ya fara kamewa. Ban gaya masa komai ba. Ina jin kamar ɓarauniya, kuma haushin hakan nake ji.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ya tuƙa, ni ina gefe, ban yarda ya tafi shi kaɗai ba. Ya ajiye paratharsa a gindin giya kamar kullum. Duk hanya ina satar kai hannu wurin. Ɗumi-ɗumi kawai.

A fili ya warware takarda, ya taɓa parathar. Ta yi sanyi, man ya daskare. Ya daɗe yana kallonta, ya kalli faratana. Na ce yau sai ta Allah. Sai ya gutsura ya ci.

Sai ga Kanar da sandarsa. Ya zura madubi, ya ja da baya kamar ya ga maciji, ya kira Abbu da sunansa na girmamawa. "Mirza sahib! Wane ɗan iskan ne ya manna wa Gimbiya gwangwani?" Jama'a suka taru. Na buɗe baki, Abbu ya riga ni.

"Ni na sa a yi. Rubuta abin da za ka rubuta."

Kofin ya tafi wurin wani likitan haƙori mai koriyar mota. Abbu ya tafa masa. Kanar bai ko yi mana sallama ba, mutumin da ya ci samosarmu.

Da muka dawo, ya zauna a kan matakala ya miƙo mini ƙafar da kansa. Na kwance bandejin. A bushe yake, babu sabon tabo ko ɗaya. Ya kira cikakken sunana, ya ce, "To, Dakta Nighat, na ci jarrabawa?" Na ce ya yi mini shiru. Na shige banɗaki na daɗe.

Talata, 24 ga Oktoba

Gurbin kofin yana nan fayau a kan kabad, na sa agogo a wurin, ya cire.

Da safe na tsinci makullin nan na gidan tabarau kusa da kofin shayina. Motar har yanzu mummuna ce, har yanzu tana warin ɓera. Na dai kira Ustad ya zo ran Asabar ya nuna mini yadda ake sa mata giya ta biyu ba tare da ta yi wannan kukan ba. Don kada Gimbiya ta lalace a ajiye ne kawai.